Kafin a Sake Sayen Makirufo: Inda Kiɗan Ganga Ke Lalacewa a Ɗakunan Lafia

Kiɗa ba ya wuyar samu a Lafia. Akwai na fada ranar hawan sallah, akwai kalangu a gidajen biki, ga gangunan Eggon da Alago da Gwandara, ga kuma jerin gangunan Turawa a majami'u. Abin da ke da wuya shi ne a shigar da wannan sauti cikin kwamfuta ya fito yadda kunne ya ji shi. Matashin da wansa ma'aikaci ya aiko wa kayan ɗaukar sauti daga Abuja yakan kunna abin da ya naɗa ya ji kamar ana dukan garwa. Hukuncin da ya fi saurin yankewa shi ne makirufon jabu ne, a sayi wani. Sau da yawa kuɗin ne kawai za su sake tafiya.

Wuta ce farkon abin tuhuma. Lantarkin Nijeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma shi ne ƙugin nan mai kauri da ake ji a ƙarƙashin kiɗa idan soket ba shi da wayar ƙasa, ko an jona kwamfuta da lasifika a soket daban-daban. Tashar rarraba wuta ta Akurba da aka buɗe a 2022 ta ƙara wa garin ƙarfin lantarki, amma ba ta gyara wayoyin cikin gidaje ba, ballantana janareta. Gwajin ba ya cin ko kobo: a zare cajar laftof a bar ta a kan batir. Idan ƙugin ya ɗauke, makirufo ya kuɓuta.

Idan kuwa shiru ne gaba ɗaya, a duba irin makirufon. Na kwandensa ba ya aiki sai an danna maɓallin 48V a akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, alhali na dainamik, irin Shure SM57 da ake amfani da shi tun 1965, bai buƙaci wannan ba.

Fashewar sauti ta fi kowace matsala yawa, kuma ba ta da magani bayan an gama. Ganga ba murya ba ce; bugu ɗaya yakan haura da sauri fiye da yadda ido zai bi. Mai koyo yakan saita ƙarfin shigar sauti yana cewa "gwaji, gwaji", alhali makaɗi idan ya yi zafi hannunsa ninkawa yake yi. Daidai shi ne a sa makaɗin ya buga iya ƙarfinsa, a rage maɓallin har bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 a ma'auni, jar fitila ba ta haska ba. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi a Audacity, manhajar da kyauta ce. Wanda ya fashe sai dai a sake kiɗa. Wayar hannu ta fi ɓarna a nan, domin da kanta take danne sauti idan ta ji ƙara.

Kalangu yana da nasa hali. Fuska biyu gare shi, kuma maganarsa tana fitowa ne daga matsa igiyoyinsa a hammata, don haka makaɗi ba ya tsayawa cak. Makirufon da aka cusa dab da fata zai kama sanda ya rasa kukan da ke hawa da sauka, wanda shi ne kalangun. A ja da baya kamar kamu ɗaya, a ɗan karkata gefe. Fatar ma tana bin yanayi: takan saki da damina, ta ɗaure da hunturu, abin da babu na'urar da za ta gyara.

Wani abin mamaki shi ne makirufo biyu sukan fi ɗaya muni. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka idan ɗaya ya fi ɗaya nisa, bugun zai isa gare su a lokuta daban, kauri ya zube idan an haɗa. Masu sana'ar sukan bar tazara tsakanin makirufo biyu ta ninka nisan kowanne daga gangarsa sau uku.

Saura ɗaki. Bangon siminti da tayil da rufin kwano suna mayar da amsa-kuwwa, fanka kuma tana hura iska cikin makirufo. Darduma a ƙasa, katifa a jingine da bango, labule mai kauri a taga, sun wadatar a farko. Wanda bai yi wannan ba yakan gaji ya sallami makaɗin, ya koma kiɗan fiyano da ke cikin kwamfuta, wanda iri ɗaya ne daga Kano har Lafia.