Zangon Masunta A Bakin Tiga Da Dajin Da Ke Shayar Da Kura

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, in ya kai Kura sai ya ga ƙasa kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa, alhali kuwa ko ɗigon ruwan sama babu. Haka abin yake har Bunkure da Garun Malam. To, wannan ruwa daga ina? Daga madatsar Tiga yake, wadda aka fara ginawa a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tana kudu da birnin Kano kamar kilomita 70, tsawon ganuwarta wajen kilomita 6, ruwan kuwa in ya cika yakan rufe murabba'in kilomita 178. Daga can yake gangarowa ta babbar magudana, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonaki ba tare da inji ya tura shi ba.

Ita ma Tiga ba ta haifi ruwanta ba. Kogin Kano ne ke cika ta, shi kuwa daga tuddan kudu yake fitowa, wajen duwatsun Riruwai, ya keto dajin Falgore, wanda dā ake kira dajin Kogin Kano. Watau manomin Kura da ruwan dutse da daji yake ban ruwa, ko da bai taɓa taka wurin ba.

Tsakanin dajin da ganuwar akwai masu wata sana'a, su ne masunta. Masunci ba ya jiran kifi a gida. In ruwa ya ja baya sai ya bi shi, ya yi zango a gaɓa. Kayansa ba su da yawa: bukka ta kara da ciyawa, tabarma, tukunya, murhu na duwatsu uku, da kwalekwale. Mai hankali yakan kafa bukkarsa a kan tudu, don ruwan madatsa yana iya hauhawa saboda ruwan da aka yi a nesa, yakan kuma kwana cikin gidan sauro. Da yamma a shimfiɗa kalli da mamari, da asuba a je a ɗebe. Akan sami karfasa, da tarwaɗa, da ragon ruwa, da kurungu, da kawara. Abin da ba a sayar ɗanye ba sai a yi banda da shi.

Su ma Turawa suna irin wannan zango, amma don shaƙatawa. A Ingila da Amurka mutum yakan ɗauki tanti ya hau dajin kan dutse, ya kwana bakin tafki, yana kamun kifi da wata irin fatsa. Ba ya sa tana ko fara a ƙugiya. Sai ya ɗaure mata gashin zakara da zare har ta yi kama da ƙwaro. Da yake ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi wa nauyi. Ya yi ta kaɗa sanda gaba da baya kamar mai bulala, sa'an nan ya saki, ƙwaron ya sauka bisa ruwa a hankali. Kifi ya taso ya cafka, shi ke nan. Dabarar tsohuwa ce, gama wajen shekara ta 200 wani marubucin Rum, Eliyan, ya ba da labarin mutanen Makidoniya masu ɗaura jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya. Wanda ya taɓa ganin yadda kifi ke tasowa kan shinge da farkon damina ya san hikimar. A kogin Faro na Kamaru ma ana kama tsage da giwan ruwa ta wannan hanya.

Wannan fatsa ba za ta ciyar da iyali ba, don ɗaya ɗaya take kamawa. Abin lura a cikinta shi ne ladabin masu yinta: ƙaramin kifi a mai da shi ruwa, lokacin ƙwai a dakata, in za a tashi daga zango a kashe wuta. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, gama aikin Sarkin Ruwa ke nan tun dā, shi ke faɗin ranar da za a shiga su da ranar da za a bari.

Abu biyu ke iya ɓata wannan arziki. Na ɗaya, koma mai ƙananan ido, wadda ke kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba. Na biyu, sare daji don itacen banda da gawayi. In itace ya ƙare a kan tudu, ruwan sama sai ya kwaso laka ya jibge a madatsa, wurin ajiyar ruwa ya ragu, masunci ya rasa kifi, manomin Bunkure ya rasa ruwan rani.

A nan fatake suke da hannu, don masunci ba ya kama abin da ba a saye. In dillalai suka ƙi karɓar 'ya'yan kifi, idon koma da kansa zai faɗaɗa. Malamai kuma sun san fiƙihu ya hana sayar da kifin da ke cikin kogi tun ba a kama shi ba, saboda garari. Ya kamata su ƙara da jan kunne game da ɓarna, a makaranta da wurin wa'azi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya albarkaci ruwa da masu cin abinci a cikinsa, amin.