Fagge ko Sabon Gari: Ina Baƙo Zai Sauka?

A watan Oktoban 1961, Margery Michelmore, wata Ba'amurkiya cikin rukunin farko na 'yan sa kai na Peace Corps da suka zo Najeriya, ta rubuta kati daga Ibadan tana bayyana talauci da ƙazantar da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Makonni kaɗan ta yi kafin ta yanke hukunci, kuma abin da baƙo ke gani a irin waɗannan makonni ya danganta da inda aka sauke shi.

A Kano, unguwanni biyu da ke ƙaramar hukuma ɗaya sun isa misali. Sabon Gari Turawa suka yanka ta wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin ma'aikata da 'yan kasuwar Kudu. Matashin baƙon da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano zai fi samun sauƙi a nan: tituna a miƙe, Turanci da buroka a bakin kowa, coci kusa, dare a raye. Ban raina wannan sauƙi ba, don kewar gida ciwo ce. Sai dai yana iya shekara Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba.

Fagge ta girmi Sabon Gari nesa ba kusa ba. A da zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuman Azbinawa ke sauke kaya, fatoma ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki. Daga baya Kwarori suka zauna a gefenta, inda kasuwar Kantin Kwari take. Makon farko a nan da wuya. Yara na bin baƙon da "Bature! Bature!", lunguna sun rikita shi, ga kwata, ga gaisuwar da ba ta ƙarewa. In mace ce, maganar mayafi za ta taso tun ranar farko. Amma wanda ke tambayarsa ina za shi, shi zai aiko masa da koko ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ja shi wurin suna da zaman makoki, ya gyara masa Hausa a bakin shago.

Ni dai Fagge zan kai shi, in damƙa shi hannun mai masauki. Ran Lahadi, in Kirista ne, ya hau Adaidaita Sahu zuwa Sabon Gari ya yi ibadarsa.