Digirin Masu Gwajin Jini da Sauran Abokan Aikin Likita

Kowace shekara ɗimbin ɗalibai a Najeriya sukan zauna jarrabawar JAMB da burin zama likitoci, amma da yake guraben ba su kai yawan masu nema ba, da dama daga cikinsu sukan tsinci kansu a tsangayar da ke horar da abokan aikin likita, wato ma'aikatan lafiya masu digiri waɗanda aikin asibiti ba ya tafiya sai da su. A Jami'ar Bayero ta Kano, alal misali, ana koyar da gashin ƙashi, da ɗaukar hoton cikin jiki, da awon ido, da kuma kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗalibai kuwa suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Iyaye da yawa suna kallon waɗannan fannoni a matsayin "da babu gara ba daɗi", alhali wanda ya leƙa ɗakin gwaji zai sake tunani. Idan ana zargin zazzaɓin cizon sauro, ma'aikacin yakan ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya shimfiɗa shi, ya bari ya bushe, ya rina shi da sinadarin Giemsa, sannan ya duba ta madubin likita har ya ga ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini ya kuma ƙiyasta yawanta, kuma a kan sakamakon nan ne likita zai rubuta magani. Ma'aikacin gwajin ne kuma ke tantance ko nau'in jinin mutum AA ne ko AS ko SS, aikin da nauyinsa ya ƙaru tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, domin kuskure ɗaya a nan yana iya rusa baiko ko ya kai ga haihuwar mai sikila.

Karatun gwaje-gwajen asibiti shekara 5 ne, ta farko ta ilmin halittu da sinadarai da fiziks, daga baya a shiga nazarin jini da ƙananan ƙwayoyin cuta da tsokar da aka yanko don bincike. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki kafin bautar ƙasa, kuma ba a halatta wa kowa aikin sai da lasisin majalisar da dokar 2003 ta ɗora wa kula da sana'ar, kamar yadda masu ɗaukar hoton cikin jiki suke da tasu hukumar rajista tun 1987.