Arewacin Ghana: Yadda ake neman diyyar inshora idan ruwa ya yi ɓarna a gida

A arewacin Ghana, watannin Agusta da Satumba su ne lokacin da magidanta ke kwana da ido ɗaya. A lokacin ne damina ke tsananta, a lokacin ne kuma kamfanin wutar lantarki na Burkina Faso, SONABEL, ya saba buɗe madatsar ruwa ta Bagre idan ta cika. Ruwan yakan biyo kogin Farin Volta, wanda ake kira Nakambe a Burkina Faso, ya malala cikin gonaki da ƙauyukan yankin Bawku. Har yanzu mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2007 ba. Madatsar Pwalugu da aka aza harsashinta a watan Nuwamban 2019 don rage wannan matsala kuwa ba a gina ta ba.

A Yendi da Salaga, ɓarnar ta fi zuwa ne daga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, da iskar da ke yaye kwanon rufi, da kwatocin da suka toshe. Akwai kuma wadda ba ruwanta da damina: bututun famfo ya fashe cikin bango, ko tankin ruwa ya tsage cikin dare.

Masu inshorar gida a waɗannan garuruwa ba su da yawa. A Ghana baki ɗaya, kuɗin da ake biya na inshora bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba. Amma akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da masu gidajen haya da suka yi, akwai kuma waɗanda banki ya wajabta musu saboda bashin gina gida. Ga irin waɗannan, kwanakin farko bayan ɓarna su ne ke yanke hukunci kan ko za a biya su ko a'a.

Tallafin NADMO daban, diyyar inshora daban

Mutane da dama kan haɗa abubuwan biyu. NADMO ita ce hukumar kula da bala'o'i ta Ghana, an kafa ta a 1996, kuma tana aiki a yanzu ƙarƙashin dokar 2016. Abin da take rabawa, kamar shinkafa da tabarmi da gidan sauro da kwanon rufi, agajin gaggawa ne, gwargwadon abin da ke hannunta.

Inshora kuwa yarjejeniya ce tsakanin mai gida da kamfani. Hukumar da ke sa ido a kanta ita ce Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, bisa Dokar Inshora ta 2021 mai lamba 1061, wadda ta maye gurbin ta 2006. Dokar ta tilasta inshorar gobara kan gine-ginen kasuwanci, amma gidan zama na mutum zaɓinsa ne.

Duk da haka, yana da amfani a sanar da jami'in NADMO na gunduma ya zo ya rubuta ɓarnar, domin rahotonsa shaida ce cewa ambaliyar ta faru a rana kaza, a unguwa kaza.

Wane irin ruwa inshora ke biya?

Amsar tana cikin takardar yarjejeniyar. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwan sama. Sai idan an ƙara mata sauran haɗurra, wato ambaliya da guguwa da fashewar bututu ko tanki, ko kuma mutum ya sayi cikakkiyar inshorar gida.

Abu na biyu shi ne yadda ruwan ya shiga. Kamfanoni na biyan ɓarnar da ta zo kwatsam. Idan iska ta yaye rufi ruwa ya zuba kan katifu da talabijin, wannan haɗari ne. Idan kuwa kwanon ya yi shekaru yana yoyo saboda tsatsa har silin ya ruɓe, za a ce rashin gyara ne. Haka ma danshin da ke tasowa daga ƙasa yana cin gindin bango sannu a hankali.

Abu na uku: gini daban, kayan ɗaki daban. Inshorar mai gidan haya ta tsaya ne kan bango da rufi da daɓe. Katifar ɗan haya da firjinsa da buhunan masararsa ba sa ciki, sai in shi ma ya yi wa kayansa inshora. Wanda kuma ya mayar da ɗaki ɗaya na gidansa shago ko ma'ajiyar hajja, ya tabbatar ya faɗa wa kamfani tun farko, domin inshorar gidan zama ba ta cika ɗaukar kayan sayarwa ba.

Haka batun abin da aka yi ginin da shi. Gidaje da yawa a yankin na ƙasa ne da aka shafe da siminti. Idan aka rubuta a fom cewa ginin bulo ne, mai duba ɓarna ya zo ya tarar da jar ƙasa, kamfani na iya soke yarjejeniyar baki ɗaya saboda bayanin da aka ba shi ba gaskiya ba ne.

Sannan a duba ko an biya kuɗin shekarar. Tun watan Afrilun 2014 NIC ta kafa ƙa'idar cewa wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da kariya. Alƙawarin biya bayan girbi ba ya tsayawa a matsayin biya.

Matakan farko

Rai ne a gaba. A kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a taka cikin ruwa, kuma kada a mayar da ita sai mai gyaran wuta ya duba. Idan bango ya tsage ko ya jiƙe har ƙasa, a fitar da iyali.

Kafin a fara kwashe ruwa da shara, a ɗauki hoto da bidiyo da waya: kowane ɗaki, da alamar inda ruwa ya kai a jikin bango, da wurin da ya shigo, da kowane kaya ɗaya bayan ɗaya. A tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp don kada su salwanta idan wayar ta lalace.

Bayan haka a tsayar da ɓarnar. A rufe famfo, a lulluɓe rufin da tamfol, a ɗaga kaya sama. Yarjejeniyar inshora ta ɗora wa mai gida wannan nauyi, kuma ɓarnar da ta ƙaru saboda an zuba ido ba lallai a biya ta ba. A ajiye rasit ɗin duk abin da aka kashe.

Sai a sanar da kamfani ko dillalin da ya sayar da inshorar nan take. Kiran waya kaɗai bai isa ba. A bi shi da saƙo a rubuce, a kuma nemi lambar fayil ɗin ƙorafin. Kowace takarda tana da wa'adin da ta gindaya, kuma jinkiri na daga cikin dalilan da kamfanoni ke kafa hujja da su wajen ƙin biya.

Kada a zubar da kayan da suka lalace, kada kuma a fara babban gyara, sai mai kimanta asara ya gani ko kamfani ya ba da izini a rubuce. Tunda yawancin rassan kamfanonin suna manyan birane irin su Tamale da Bolgatanga, zuwansa Salaga ko Bawku na iya ɗaukar kwanaki. Abin da ya fara wari, a ɗauke shi hoto, a sanar da kamfani, sannan a zubar. Guntun bututun da ya fashe kuwa a adana shi.

Me ya sa kuɗin ke zuwa ƙasa da yadda aka zata?

Nan ne rigima ta fi tashi, kuma dalilai uku ne suka fi jawo ta.

Na farko, akwai kason da mai gida ya amince zai ɗauka da kansa a kowace asara, wanda ake cirewa daga diyyar.

Na biyu, ana rage kuɗin tsufan kaya. Firjin da ya shekara 6 ba a biyan sa da kuɗin sabo, sai in yarjejeniyar ta ce sabo za a mayar.

Na uku shi ne yi wa gida inshora ƙasa da darajarsa. Misali, gidan da sake gina shi zai ci sidi 200,000, amma aka yi masa inshorar sidi 100,000. Ruwa ya yi ɓarnar sidi 40,000. Tunda rabin darajar aka yi wa inshora, rabin asarar za a biya, wato sidi 20,000. Idan kason mai gida sidi 1,000 ne, abin da zai shiga hannunsa sidi 19,000 ke nan. Da yake farashin siminti da kwano da katako na sauyawa, adadin da aka rubuta shekaru 3 da suka wuce zai iya zama ya gaza yau. Shi ya sa ya kamata a riƙa sabunta shi duk shekara.

Don ƙarfafa hujja, mai gida ya haɗa jerin kayan da suka lalace da shekarar sayen kowanne, da rasit idan akwai. Idan rasit ya jiƙe ko ya ɓata, saƙon biyan kuɗi ta waya ko tsohon hoton ɗakin na iya taimakawa. A kuma samo ƙiyasin gyara a rubuce daga magina ko kafintoci biyu. Ƙara gishiri a lissafi haɗari ne, domin ƙarya a abu ɗaya na iya rusa neman diyyar duka.

Idan kamfani ya ƙi biya fa?

A nemi dalilin a rubuce, tare da sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi. Idan adadin da aka yi tayi bai gamsar ba, kada a sa hannu a takardar karɓar diyya, domin yawanci tana nufin an rufe magana. Wanda ba ya karanta Turanci ya nemi amintaccen mutum ya fassara masa kafin ya dangwala.

Mataki na gaba shi ne rubuta wa shugabannin kamfanin. Idan ba a daidaita ba, sai a kai ƙara sashen sauraren ƙorafe-ƙorafe na NIC, wadda ke da ofishi a Tamale baya ga hedikwatarta a Accra. A tafi da kwafin yarjejeniya da rasit ɗin biya da hotuna da duk wasiƙun da aka yi musaya. Kotu ita ce mafita ta ƙarshe, kuma a lura da wa'adin da takardar ta ɗiba don ƙalubalantar hukuncin kamfani.

A tsallaken iyaka

'Yan kasuwar Bawku da ke da gida ko shago a Cinkassé, ko a wasu garuruwan Togo da Burkina Faso da Nijar, su sani cewa dokar can daban ce. Waɗannan ƙasashe na bin kundin CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yaoundé a 1992. A ƙarƙashinsa, wa'adin sanar da asara ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, kuma damar shigar da ƙara kan yarjejeniyar inshora na faɗuwa bayan shekara 2. Inshorar da aka yi wa gida a Ghana ba ta shafi ginin da ke wata ƙasa ba.

Ga wanda ruwa bai taɓa shi ba tukuna, aikin rani ne: a fito da takardar inshora a duba ko an ambaci ambaliya a cikinta, a ɗauki hoton ɗakuna da kayansu, a gyara rufi, a yashe kwata, a kuma sa takardun cikin leda a ajiye su a wuri mai tudu.