Gayyar share ƙoramar Gunti Yena

A tsakiyar birnin Yamai akwai wata ƙorama mai suna Gunti Yena. A kan taswira, da Faransanci, ana rubuta sunanta Gountou Yéna. Tana fitowa daga arewacin gari, ta gangaro kudu, ta bi ta kusa da babban filin wasanni na Seyni Kunce, ta wuce gidan tarihi na ƙasa, sannan ta faɗa kogin Isa kusa da gadar Kenedi. Ba babban ruwa ba ce. Amma kwarinta ya raba gari biyu: unguwar Filato tana yamma, babbar kasuwa tana gabas.

A bakin ƙoramar akwai garake da yawa. Masu garka suna shuka salati da shu da karoti da zogala, su kai kasuwa da sassafe. Da ruwan wannan kwari suke ban ruwa, da shi kuma suke ciyar da iyalinsu.

A 1960, lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai, mutanen Yamai kimanin dubu 30 ne. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 1. Gidaje sun kewaye ƙoramar ta ko'ina, shara kuma ta ƙaru kamar yadda mutane suka ƙaru. Wanda ya rasa inda zai zubar da shararsa sai ya nufi kwari, yana cewa ai ruwa zai tafi da ita.

Abin da ruwa ba ya iya tafiya da shi

Sharar da ake zubarwa a zamanin kakanni ba irin ta yanzu ba ce. Tasu toka ce, da ɓawon gujiya, da dusa, da fasasshiyar ƙwarya, da tsohuwar tabarmar kaba. Duk waɗannan suna ruɓewa, su koma ƙasa. Manomi ma yakan zo da jakinsa ya kwashe juji, ya kai gona, ya zama taki.

Sharar yanzu kuwa leda ce ta fi yawa a cikinta. Daga man fetur ake yin leda. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ke ruɓar da ganye da kara, ba su iya cin ta. Rana takan gasa ta har ta kakkarye, ta zama ƙananan gutsattsari, amma gutsattsarin nan leda ne har yanzu, kuma suna shekaru masu yawa a cikin ƙasa da ruwa.

Ga ɗan lissafi. A ce kowane gida yana yar da leda 5 a yini: ta ƙosai, ta sukari, ta ruwan sanyi, ta cefane, ta magani. A ce gidajen unguwar 100 ne. A wata guda an yar da leda dubu 15 ke nan. Iska ce ke ɗaukar su, ba ta kuwa ajiye su sai a wuri mai gangare ko a kan ƙaya.

Ruwan saman Yamai ba shi da yawa, kimanin milimita 550 ne a shekara, amma kusan duka a cikin wata 4 yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba. Wani lokaci ruwan awa guda yakan cika ƙoramar har baki. Sai ya kwashi leda da tsummoki da robobi da tsofaffin tayoyi, ya yi gaba da su. A ƙarƙashin ƙananan gadoji hanyar ruwa tana da ƙunci. Reshen icce ɗaya ya isa ya gitta a nan. Leda ta maƙale a kan reshen, tsumma ya maƙale a kan leda, yashi ya taru a bayansu. Kafin a ankara an samu bango. Ruwa kuwa ba ya jira: in ya rasa hanyarsa, sai ya bi titi, ya shiga gidaje. Gidan laka in ya jiƙe daga ƙasa, faɗuwa yake yi.

Ba kowace ambaliya ce laifin shara ba. A 2012 da 2020 kogin Isa da kansa ne ya cika ya shiga unguwannin Yamai, kuma babu tsintsiyar da za ta hana wannan. Amma ruwan da ke shiga gida don gada ta toshe, wannan mutane na iya hana shi.

Bayan ruwa ya janye, yakan bar ƙananan kududdufai a bayan tarin shara, da cikin gwangwani da taya. A nan sauro ke yin ƙwai. Lokacin zafi, kamar kwana 10 ya isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Sauro iri-iri ne. Wanda ke kawo masassara ya fi son ruwan sama da ya kwanta inda rana ke bugawa. Akwai wani kuma mai son baƙin ruwan kwata, shi ne ke hana mutane barci da kuka. Ƙorama mai toshewa tana ba kowannensu wurin da yake so.

Dabbobi ma suna shan wahala. Akuya ko saniya in ta ji ƙanshin mai da gishiri a jikin leda, sai ta haɗiye ta. Leda ba ta narkewa a tumbi. Tana taruwa, ta dunƙule, ta cike wurin abinci. Dabbar ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure yake, har ta mutu. Mahauta sun san wannan sarai, don sau da yawa sukan tarar da dunƙulen leda in sun farke tumbi.

Yadda ake kiran gayya

Gayya tsohuwar al'ada ce. In aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar noman babbar gona ko ginin ɗaki, sai a kira jama'a su taru su yi shi a yini guda. Ba a biyan kowa. Abinci da fura kawai ake kawowa. A zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ayyukan gayya masu yawa: sun gina azuzuwan lakwal, sun dasa itatuwa, sun share garuruwa. Daga baya matasan da ke taruwa a fada suna shan shayi, da ƙungiyoyin mata, da ƴan lakwal tare da malamansu, su ma sun riƙa fitowa ranakun tsabtar gari. Irin waɗannan mutane su ne ƴan sa kai. Da Faransanci ana ce musu volontaires.

Lokacin da ya fi dacewa da sharar ƙorama shi ne ƙarshen rani, a watan Mayu, kafin ruwan farko. Ruwa ya yi ƙasa, ana ganin abin da ke kwance, kuma babu tsoron ruwa ya taho bagatatan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 20 ga Satumba don tsabtace muhalli a duniya duka, an fara a 2024. Rana ce mai kyau, sai dai ga ƙoramar Yamai ta zo a makare: a Satumba damana ta kusa ƙarewa, sharar da za ta toshe gada ta riga ta toshe ta.

Kafin ranar, akan je wajen mai unguwa a gaya masa. Shi zai sa a yi shela, liman kuma ya faɗa bayan salla. Akan je ma'aikatar magajin gari a nemi motar kwasar shara. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. In babu mota ko amalanke, sharar da aka fitar za ta zauna a bakin kwari, ruwan farko ya mai da ita inda aka ɗauko ta.

Ranar aiki

Da sanyin safiya ake farawa, don a Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Kowa yakan zo da abin da yake da shi: shebur, manjagara, hauya, tsintsiyar kwakwa, buhu, baro. Akan raba mutane ƙungiya-ƙungiya, kowace da yankinta, daga wannan gada zuwa waccan. Daga sama ake somawa a gangaro ƙasa, yadda ruwa ke tafiya, don abin da ya kuɓuce wa ƙungiyar farko ta biyu ta tare shi.

Samari masu ƙarfi ne ke shiga cikin kwarin, da dogayen takalman roba da safar hannu. Su ne ke jawo tayoyi, su buɗe ƙarƙashin gada. Aikin yana da wari, yana da nauyi, don leda mai cike da laka ba ta ɗaguwa da sauƙi. Mata da ƴan mata sukan share gefe, su zuba a buhu. Masu amalanke su yi ta kai da komowa. Tsofaffi da ba su iya aikin sukan zauna a inuwa suna tsaron randar ruwan sha, suna sa albarka. In an samu mai ganga, aikin ya fi sauri.

Yara ba su shiga ruwan ko kaɗan. Ruwan wanka da na wanki na gidaje yana gangarowa cikinsa, har da na masai, kuma irin wannan ruwa ne ke ɗauke da cututtukan zawo da kwalara. Aikin yara a tudu yake: tsintar leda daga kan ƙaya da shingen garka, riƙe bakin buhu, kai ruwan sha, ƙidaya buhunan da aka cika. Ba a zuwa ba takalmi. Fasasshiyar kwalba, da allura, da batir, da mushen dabba, yaro ba ya taɓa su. Nuna wa babba yake yi. Wanda ƙarfe ya yanke, sai a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabuni, a kai shi likita a ranar, saboda cutar tetanos mai sandarar da jiki. Kafin a ci abinci kuma kowa ya wanke hannu da sabuni.

Ba duk abin da aka fitar ne ake zubarwa ba. Akan ware shi. Ganye da kara da kashin dabbobi masu garka na so, don taki ne. Ƙarfe yana da masu saye. A kasuwar Katako akwai maƙera masu narka gwangwanin lemo da sauran tarkacen sanholo, su zuba tukwane da ludaya. Tsohuwar taya takan zama takalmi. Leda ce mai wuyar sha'ani. Wasu sukan ce a cinna mata wuta a huta. Wannan kuskure ne: hayaƙinta baƙi ne, yana da guba, yana sa tari, ya fi cutar da jarirai da masu asma. Mota ce ya kamata ta kai ta babban jujin da hukuma ta keɓe, nesa da ruwa.

Wajen hantsi, in rana ta fara zafi, akan tsaya. A lokacin sai a ga ruwa yana gudu a ƙarƙashin gadar da da safe ko haske ba a hangowa ta cikinta.

Bayan gayya

Gayya ta yini ɗaya ce, shara kuwa kullum ake yin ta. An sha share wuri, bayan mako kaɗan a tarar ya sake cika. Ba a ce duk masu zubarwa ba su da hankali ba. Uwar gida da ba ta da juji kusa, babu kuma mai amalanke da ke zagayowa, dole ta nemi inda za ta kai shararta, kuma sau da yawa yaro take aikawa da dare. Shi ya sa unguwannin da tsabtarsu ke daɗewa su ne waɗanda suka shirya da mai amalanke: kowane gida ya biya ɗan kuɗi a wata, shi kuma ya riƙa zuwa ƙofa-ƙofa yana kwashewa.

Hukuma ma tana da nata aikin. A watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa doka mai hana yin ledoji marasa kauri, da shigo da su, da sayar da su. Sai dai doka a takarda ba ta kore su daga kasuwa ba, don suna da araha kuma mutane sun saba da su. Kafin zuwan leda, da kwando da ƙwarya da kwano ake zuwa cefane, kuma har yanzu akwai masu yin haka.

Masu garka su ne suka fi kowa sa ido a kan ƙoramar, don kullum suna bakinta. Sun san gadar da ke saurin toshewa, sun san kwanar da leda ke taruwa. In hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso da ƙura, sukan bar ban ruwa su je su duba ƙarƙashin gada da doguwar sanda, kafin ruwan ya sauko.

Tambayoyi

1. Daga ina ƙoramar Gunti Yena ke fitowa, ina kuma take zuba?
2. Me ya sa ɓawon gujiya ke ruɓewa amma leda ba ta ruɓewa?
3. Yaya bango ke haɗuwa a ƙarƙashin gada?
4. Don me ake neman mota ko amalanke tun kafin ranar gayya?
5. Waɗanne abubuwa ne yaro ba ya taɓawa in yana aikin shara?
6. In gidaje 60 suna yar da leda 4 kowane yini, leda nawa ke nan a mako guda?
7. Akwai ƙorama ko gulbi ko tabki kusa da garinku? Ku tambayi wani tsoho yadda yake lokacin da yana yaro, ku zo ku ba aji labari.