Kaset ɗin Game Boy: Yadda ɗan kasuwa zai bambance na asali da jabu

Duk wanda ya taɓa sarin kayan wasan yara tsakanin Kano da Njamena ya san ɗan kaset ɗin nan da bai wuce girman kwalin ashana ba, wanda ake cusa wa gem ɗin hannu na Game Boy. A shekarun baya tsibi-tsibi ake zubo shi, ya biyo hanyar Maiduguri da Gamboru da Fotokol, ya sauka Kusiri, ya haye gadar Ngeli, har ya isa shagunan tsofaffin unguwannin Njamena irin su Mardjandafak. Babu mai tambayar asalinsa a lokacin, muddin dai yaro ya kunna ya ga hoto.

Yanzu kam labari ya sha bamban. Kamfanin Nintendo na ƙasar Jafan ya fito da Game Boy a 1989, ya biyo da Game Boy Color a 1998, sannan Game Boy Advance a 2001. Na farko da na biyu an sayar da sama da miliyan 118, na ukun kuma sama da miliyan 81. Tuni aka daina buga musu kaset, ga shi yaran da suka yi wasa da su sun girma sun kama kuɗi, suna neman abin da suka saba da shi tun ƙuruciya, a Turai da Amurka har ma da nan gida. To kaya ya yi ƙaranci, masu nema sun yi yawa, sai masu buga jabu suka samu kasuwa. Ɗan kasuwar da bai san kan abin ba yana iya tafka asara ta fuska biyu: ko dai a sayar masa da jabu a kuɗin na asali, ko kuma ya tsinci na asali cikin kayan gwanjo ya rabar da shi a kuɗin tarkace.

Wani hanzari ba gudu ba. Dillali zai iya kawo maka labarin kaset ɗin Super Mario 64 da aka yi gwanjonsa a Amurka kan dala miliyan 1.56 a watan Yulin 2021. Gaskiya ne an yi, amma wancan na gem ɗin talabijin ne, kuma yana cikin kwalinsa ba a taɓa ɓare shi ba. Kada wannan labari ya sa ka zuba jari a kan kaset tsirara da ya sha hannu.

Akwai jabun da ba ya buƙatar dogon bincike. Duk kaset ɗin da aka rubuta wa wasa 32 ko 99 ko ɗari da wani abu a cikin ɗaya, ba daga Nintendo ya fito ba, galibi ma wasanni kaɗan ne aka yi ta maimaitawa da sababbin sunaye. Haka nan wanda aka rubuta wa Pokémon Diamond ko Pokémon Jade na Game Boy Color: wani wasan Jafan ne mai suna Telefang aka sauya wa riga. Pokémon Diamond na gaskiya sai a 2006 ya fito, kuma na Nintendo DS ne.

Inda aikin yake shi ne jabun da aka yi don ya yi kama da na asali, musamman na Pokémon, domin su suka fi tsada. Fara da takardar da aka manna a gaba. Ka karkata ta wajen haske, a yawancin na asali za ka ga lambobi biyu, wani lokaci da harafi, an danna su cikin takardar babu tawada, kamar hatimin ƙarfe. Masu jabu sun daɗe suna tsallake wannan, ko da yake wasunsu sun fara kwaikwayo. Sai ka karanta lambar kaya. Na tsohon Game Boy da DMG take farawa, na Color da CGB, na Advance da AGB. Pokémon Emerald na Amurka lambarsa AGB-BPEE-USA, na Faransanci kuma harafin ƙarshe na tsakiya F ne, wato BPEF. Wannan ya shafi 'yan kasuwar Chadi da Kamaru kai tsaye, domin kayan gwanjon da ke fitowa daga Faransa na Faransanci ne. Idan takarda ta ce na Amurka ne, ka kunna ka ji yana Faransanci, to akwai lauje cikin naɗi. Rubutu mai dishi-dishi da kuskuren harafi a sunan Nintendo su ma alamu ne.

Sai dai takarda aba ce da kowa zai iya bugawa, har ma akan ɓare ta asali a manna wa jabu. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne fanel, wato koren allon nan na ciki. A kaset ɗin Advance ba sai ka kwance ba: haska tocila ta bakin da haƙoran zinare 32 suke, a samansu za ka ga sunan Nintendo da shekara da lambar fanel an rubuta da farin rubutu tsaf. In babu, ko rubutun ya karkace, ka mayar wa mai shi. Idan cinikin mai nauyi ne kuwa, ka nemi a buɗe. Notin da ke baya shi kansa shaida ne, domin na Advance mai baki uku ne, na tsohon Game Boy kuma kansa zagayayye ne mai tsaga-tsaga, sukundireban gida ba ya kama su. A ciki, na asali yana da ƙwaƙwalwa mai ƙafafu jere da lambobi a bayanta. Jabu sau da yawa za ka tarar da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta an bar ta ta daskare. Wanda ya ƙi yarda a buɗe kayansa alhali yana neman kuɗin na asali, ya riga ya ba ka amsa.

Maganar batir tana rikita mutane da yawa, don haka a kula. Pokémon Ruby da Sapphire da Emerald suna da ɗan batir a ciki, amma na agogon wasan ne kawai, ko ya mutu ajiyar mai wasa tana nan. Saboda haka idan ka kunna ya sanar da kai cewa batirin ciki ya ƙare amma ana iya ci gaba da wasa, wannan ba aibi ba ne, tsufa ne na kayan da ya haura shekara ashirin. FireRed da LeafGreen na 2004 kuwa ba su da batir sam, duk wanda ka buɗe ka ga batir a ciki jabu ne. Su kuma Red da Blue da Gold da Silver, batirin ne ke riƙe ajiya, in ya mutu sai mai gyaran waya ya sa sabo da dalma, kuma hakan bai fitar da kaset daga asalinsa ba.

Kada a ruɗe ka da cewa ai ga sunan Nintendo ya fito da aka kunna. Na'urar ba ta tashi sai ta karanta wannan tambari daga cikin kaset, shi ya sa kowane mai jabu yake kwafe shi. Idan tambarin ya fito a dagule, yawanci datti ne a haƙora, auduga da ɗan sifirit sun wadatar. Gwajin da ya fi amfani shi ne ka yi ajiya, ka kashe, ka zare kaset, ka mayar ka ga ko tana nan, don a nan ne jabu ya fi ba da kunya, kuma a kansa kwastoma ke dawowa da rigima bayan kwana biyu.

Ga masu taɓa na Nintendo DS, wadda ta fito a 2004, haruffa huɗu na farkon lambar da ke bayan kaset dole su dace da haruffa huɗu na tsakiyar lambar da ke gaba. HeartGold da SoulSilver kuma robarsu baƙa ce, in ka haska tocila ta baya sai ta koma ja-ja. Mai ruwan toka jabu ne.

Sauran batun iyaka. Chadi da Kamaru da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Bangi ta 1977 mai kare tambarin kamfanoni, wadda hedikwatar ƙungiyarta ke Yawunde. Najeriya ba ta ciki, amma tana da tata dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Wato tsohon kaset na asali kayan gwanjo ne kamar kowane, kwalin jabu mai ɗauke da sunan Nintendo kuwa kaya ne da jami'an kwastam ke da hurumin riƙewa a kowace gaɓar hanya daga Gamboru zuwa Ngeli.