Daga Angurya Zuwa Tukunya: Yadda Ake Tace Man Girkinmu

Gidaje da yawa a Garwa suna girki da man Diamaor, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san hanyar da angurya ke bi kafin ta zama mai. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa ke nan garinmu, shi ke sayen audugar manomanmu, ya gurza ta, sa'an nan ya kai ƙwayar masana'antunsa na mai a Garwa da Marwa.

A irin waɗannan masana'antu ana fasa ɓawon angurya, a murƙushe ta, a dafa, a matse. To, amma matsa ba ta fitar da man duka. Saboda haka ana jiƙa tunkuzar da wani sinadari mai suna hekzan, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur, shi kuwa sai ya narkar da sauran man ya fito da shi. Jin kalmar fetur kan tayar wa uwargida hankali. Sai dai hekzan yana tafasa a zafin digiri 69, ƙasa da na ruwa, don haka da an ɗumama sai ya tashi ya bar man, a tare tururinsa, a sanyaya shi, a sake aiki da shi. Ga masu tambaya a kan halacci: ba daga dabba ya fito ba, kuma ba giya ba ne.

A ganinmu, abin tsoro yana cikin anguryar kanta. Ɗanyen manta ja ne mai duhu, yana ɗauke da wata guba da Allah Ya halitta a jikin auduga don kare ta daga ƙwari, ana ce mata gosifol. A ƙasar Sin, cikin shekarun 1950 da 1960, likitoci sun gano cewa a ƙauyukan da ake girki da ɗanyen man angurya maza da yawa sun daina haihuwa. Shi ya sa tacewa ta zama dole. Ana zuba wa man ruwan soda daidai awo, sodar ta kama tsamin da ke ciki ta mai da shi sabulu, gubar ta bi shi, inji mai juyawa da sauri ya raba su da man. Wannan fa ilmin kakanninmu mata ne, waɗanda ke haɗa ruwan toka da mai su yi sabulu. Ma'auni da injuna kawai aka ƙara. Daga nan a wanke man, a gauraya shi da wata laka mai tsotse launi, a tace, a busa masa tururi a zafin da ya wuce digiri 200 har wari ya fita.

Tunkuzar da ta rage kuwa abincin dabbobi ce. Manyan shanu da tumaki suna jure gosifol saboda yanayin tumbinsu, amma kaji da ƙananan maruƙa ba sa jurewa, sai mai kiwo ya kula.

Tun 2011 dokar Kamaru ta wajabta ƙara bitamin A a tataccen man girki, domin lafiyar idon yara da ƙarfin jikinsu. Hasken rana yana lalata wannan bitamin, ga shi kuwa a kasuwanninmu mukan ga mai a fararen kwalabe an jera shi a rana tun safe har la'asar. Idan za mu saya, mu nemi wanda ke inuwa, a gida kuma mu rufe shi mu ajiye a wuri mai duhu.